Baƙo a Kujerar Maigida

Bronx, New York
Lahadi, 4 ga Oktoba 2015

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna da iyalinka da duk mutanen gida. Mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah. An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana.

Kafin komai ina yi mana ta'aziyyar alhazan da suka rasu a turmutsutsun Mina ranar Sallah. Muna fitowa daga idi labarin ya iske mu, naman layya ma ya fita daga ran kowa. Na ji cikin waɗanda Allah ya yi wa cikawa har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya jiƙansu, ya sa aikin hajjin ya zama shaida a gare su. Hankalina bai kwanta ba sai da ka ce Kawu ya bugo waya daga Makka da bakinsa. Ga kuma bama-baman shekaranjiya a Kuje da Nyanya. Don Allah ka ce wa ƙaninmu na Abuja ya rage zama a tasha da dare.

Babban ɗanka ya turo mini wani guntun bidiyo ta WhatsApp, ya ce kai ka sa a tambaye ni: wane ne wannan yaro ɗan Afirka da ake ta yayatawa, kuma me ya yi har Turawa ke ta surutu a kansa? Na fara ba shi amsa da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Yau ba na fita aiki, shi ya sa na zauna in rubuta maka ita a tsanake, don ni ma tun Litinin take cin raina.

Sunansa Trevor Noah, ɗan Afirka ta Kudu, shekararsa 31. Shirin da aka ba shi kuwa sunansa The Daily Show, a wata tasha ta barkwanci zalla da ake kira Comedy Central. Ana nuna shi Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 11 na dare agogon nan, wato 4 na asuba a wurinku. Rabin awa ne kacal. In ka gani sai ka rantse labaran duniya ake karantawa, mutum ya sha kwat ya zauna bayan tebur. Amma aikinsa shi ne ya ɗauko abin da ɗan siyasa ya faɗa yau, ya ɗauko abin da ya faɗa bara, ya jera su gefe da gefe, ya bar jama'a su ga ƙaryar da idonsu su yi ta dariya. Daga ƙarshe a kawo baƙo a yi hira. Ka san wawan sarki a fada, wanda shi kaɗai ke iya faɗa wa sarki abin da Waziri ba zai iya ba? To kusan haka ne, sai dai wannan ba sarki ke ciyar da shi ba.

Wanda ya riƙe kujerar kafin shi, Jon Stewart, ya hau ta a Janairun 1999, bai sauka ba sai 6 ga Agustan bana. Shekara 16. Da na sauka ƙasar nan a 2001 a kanta na tarar da shi, kuma rabin Turancin Amurka da nake ji a bakinsa na tsince shi. Lokacin yaƙin Iraƙi, da yawancin tashoshi ke ta buga gangar yaƙi, yana cikin 'yan kaɗan da suke tambaya ina makaman da aka ce akwai. A 2010 kuma shi ya tsaya kai da fata sai da majalisa ta ji kunya ta amince da dokar kula da lafiyar 'yan kwana-kwana da sauran ma'aikatan da suka shaƙi ƙura a harin 11 ga Satumba. Akwai matasa da yawa a nan da ba sa kallon labarai sai ta bakinsa. Saboda haka da ya ce zai tafi, wasu gidaje kamar an yi rasuwa.

Sai ga shi a ƙarshen Maris an ce wanda zai gaje shi wani yaro ne daga Johannesburg, wanda sau uku kawai ya taɓa leƙowa shirin. Mahaifiyarsa baƙar fata ce 'yar ƙabilar Xhosa, mahaifinsa Bature ne ɗan Suwizalan. An haife shi a 1984, lokacin da dokar wariyar launin fata ta mai da tarayyar baƙi da fari laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A Soweto ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, gidan kakarsa, ana ɓoye shi a cikin gida kada hukuma ta gan shi ta tambayi inda aka samo yaro mai wannan launi. Ba a kwana biyu da sanarwar ba aka tono wasu tsofaffin maganganu da ya rubuta a Twitter, na zolayar Yahudawa da mata masu jiki. Na karanta su, ba su da daɗi, kuma ba su da ban dariya. Aka yi caa a kansa, wasu suna cewa a fasa. Tashar ta ƙi, shi ma Stewart ya fito ya roƙi jama'a su ba yaron dama. Wato tun kafin ya zauna an riga an wasa masa wuƙa.

Ni kuwa tun a Janairu na ajiye masa wuri a zuciyata. Ka tuna makon da aka kai hari Baga aka yi wa mutane kisan kiyashi, makon ne kuma aka kai hari gidan jaridar nan ta Faris. Shugabannin duniya suka yi tururuwa zuwa Faransa suka yi jerin gwano, kowace tasha a nan maganar ke nan dare da rana. Baga kuwa ko a bakin fasinja ɗaya ban ji ta ba. Ina tuƙi ina haɗiye abin ni kaɗai. Sai ga wannan yaro ya zauna kusa da Stewart, ya ambaci Boko Haram, ya ambaci Najeriya, ya tambayi Amurkawa me ya sa waɗannan gawarwakin ba su isa a yi musu jerin gwano ba. Cikin raha ya yi, amma ni ban yi dariya ba, idona ne ya cika.

Makon da ya fara shirin mako ne da direban tasi ba zai manta ba. Fafaroma ya sauka garin nan ranar Sallah da yamma, aka rurrufe tituna. Bai gama tafiya ba shugabannin duniya suka cika gari don taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 70. Ranar Litinin ɗin, 28 ga Satumba, Obama ya yi jawabi, Putin ya yi, Buhari ma ya yi nasa na farko a matsayin zaɓaɓɓen shugaba. Gabashin Manhattan ya cushe, tafiyar minti 10 ta koma awa guda. Wajen ƙarfe 10 na dare na kashe fitilar saman mota na hau gada na dawo Bronx, gidan abincin wata Hajiya 'yar zangon Kumasi inda direbobi ke taruwa. Tana yin tuwo da miyar ayoyo da wake da shinkafa irin tasu, kuma Hausarta garau, sai ɗan karin harshen Gana. Mun kai mu goma sha biyu: 'yan Gana, Zabarmawa biyu daga Yamai, wani Bafulatani ɗan Gini, wani ɗan Gambiya, da ni. Talabijin ɗin Hajiya kullum a tashar ƙwallo take. Ran nan ba wanda ya yi musu da aka canza.

Yaya, da ya fito gabana ya faɗi, kamar ɗana ne zai ja baƙi gaban malamai ranar saukar karatu. Ban san shi ba, ba addininmu ɗaya ba, daga Zariya zuwa garinsu tafiya ce ta rabin nahiya. Amma a ƙasar nan ba a tambayarka wace Afirka. In ya faɗi, dukanmu muka faɗi.

Ya fara da godiya ga wanda ya gada. Ya ce Stewart uba ne ga masu kallo ta fuskar siyasa, yanzu uban ya tafi, an wayi gari da mijin uwa a gida, kuma baƙar fata. Jama'ar ɗakin shirin suka fashe da dariya. Wanda ya san tarihinsa ya san maganar tana da nauyi a bakinsa, don shi kansa agola ne, kuma mijin mahaifiyarsa ne ya harbe ta a ka a 2009, Allah ya yi da sauran kwananta. Sannan ya ce ya san ana tambaya me ya sa ba a ba mace ba, me ya sa ba a ba Ba'amurke ba. Ya ce an yi musu tayi, sun ƙi. Don haka an sake maimaitawa: aikin da Amurkawa suka ƙi, baƙon haure ne ke yin sa.

Wallahi gidan abincin nan sai da ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka dinga dukan tebur. Bazabarmen da ke kusa da ni, wanda ya yi shekara tara yana wanke kwanuka kafin ya sami lasin tuƙi, ya ajiye cokalinsa yana ta girgiza kai yana cewa ya faɗa, wallahi ya faɗa. Ba wanda ke ɗakin nan da bai san wannan aiki ba. Mu ne masu tuƙin dare, matanmu ne masu wanke tsofaffin da 'ya'yansu suka bari a gidajen jinya, 'yan Meziko ne a ɗakunan girki na manyan gidajen abinci. Kowa ya sani, ba a dai faɗa. Ga wani ya faɗa da irin harshenmu mai nauyi, yana zaune a kujerar da 'yan majalisa ke tsoro.

Ba duka ne ya yi mana daɗi ba. Ya ce yana yaro bai taɓa mafarkin zai sami abu biyu ba, banɗaki a cikin gida da wannan aiki. Wani dattijo ɗan Kumasi da muke kira Alhaji, wanda ya fi mu duka daɗewa a nan, ya tsuke fuska. Ya ce kullum haka ne, ɗan Afirka ba ya shiga gidan Bature sai ya fara ajiye mutuncin gida a bakin ƙofa. Daga baya kuma Trevor ya yi wata zolaya kan Whitney Houston, mawaƙiyar da ta rasu a 2012, yana danganta ta da ƙwaya. Ko mutanen da ke ɗakin shirin gunaguni suka yi. Hajiya ta ce subhanallahi, 'yar matar nan ma wata biyu ke nan da binne ta. A nan ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba abin wasa ba ne, kuma yaron da kakarsa ta rena ya kamata ya san haka.

Amma abin da ya hana ni barci ba daga bakinsa ya fito ba. Ran nan ne hukumar NASA ta ba da sanarwar ta ga alamun ruwa mai gudana a duniyar Mars. Sai aka kawo wani sabon wakilin shirin, baƙar fatan Amurka mai suna Roy Wood Jr., wai ya yi sharhi. Ya ce shi ba ruwansa, ai ba za a tafi da baƙaƙe can ba: mutumin da tasi ba ta tsaya masa a titi, kumbo ne zai tsaya masa? Aka yi dariya a talabijin. A wurin Hajiya dariyar rabi ce. Kowa ya duba kwanonsa. Yaya, mu ne tasin. Ba direban da ke ɗakin nan da bai taɓa hango matashi baƙar fata ya ɗaga hannu da tsakar dare ya taka mai ya wuce ba, har da ni. Muna da dalilanmu, an yi wa wasunmu fashi, an kashe wasu, tun kana sabo ake ja maka kunne a gareji. Amma wanda aka bari tsaye cikin sanyi bai san dalilinka ba, abin da ya gani shi ne mai kama da shi ya wuce shi. Na sha jin wa'azi a kan zato, bai shige ni kamar wannan zolaya ta daƙiƙa goma ba. Tun Talata nake tsayawa, ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Baƙon daren shi ne Kevin Hart, ɗan barkwancin da ke cika filin ƙwallo da 'yan kallo. Hirar ba ta yi wani armashi ba, yabon juna ne kawai.

Washegari gari ya ɗauka. Kamfanin da ya mallaki tashar ya haska shirin a tashoshinsa da yawa lokaci guda, har da MTV da BET, aka ce mutum kusan miliyan 3 da rabi suka kalla in an haɗa duka, a ita tashar kanta kuma miliyan ɗaya da 'yan kai. Masu sharhi a jaridu kusan bakinsu ɗaya: bai yi tuntuɓe ba, yana da fara'a da natsuwa, amma ya yi taka-tsantsan da yawa, kiɗan buɗe shiri na da ne, yawancin marubutan na da ne, kamar an canza direba mota tana nan. A intanet kuwa kowa da abin da ya gani. Mutanen Afirka ta Kudu murna kamar sun ci kofi. Wasu mata ba abin da suka gani sai kyan murmushinsa. Wasu kuma tun kafin ya rufe baki sun rubuta cewa a dawo musu da Jon.

Ni jaridata ita ce kujerar baya. Duk wanda ya ji harshena ran Talata sai ya tambaye ni ko na kalla. Wata tsohuwa Baturiya da na ɗauka zuwa asibiti ta ce yaron kirki ne, amma ba ya fushi. Ta ce Jon in yana magana kana jin ƙasarsa ce ake ɓatawa, abin yana ƙona shi, wannan kuwa murmushi yake kamar mai kallon faɗan maƙwabta ta katanga. Wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata da na kai Harlem ta ce ta ji daɗin ganin baƙi a kujerar, sai dai ba nasu ba ne, kakanninsa ba su tsinci auduga a Alabama ba, ya bi a hankali kafin ya yi magana da yawunsu. Ban yi mata musu ba, tana da gaskiyarta. Wanda ya tsaya mini a rai wani mai kwat ne da na ɗauko daga unguwar bankuna. Ya ce shi bai ga dalilin da za a ɗauko mutum daga wata ƙasa ya zo yana yi wa Amurkawa dariya ba, in ƙasar ba ta yi masa ba ga filin jirgi nan. Yana faɗa yana kallon ƙeyata. Na ce masa Allah ya kai mu lafiya, na kai shi, ya biya, ya fita.

Da na yi ta juya maganganun nan uku, sai na ga abu ɗaya suke faɗa, kuma abu ne da mu muka fi su saninsa. A wurinmu ba kowa ke zolayar kowa ba. Bakano ya tare Bazazzagi a kasuwa ya wanke shi tas, a yi dariya a rabu. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, jika da kaka, taubashi da taubashiya. Kalmar da abokin wasa zai faɗa maka ka yi dariya, in wani can ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. Wasa iko ne, kuma zumunci ke ba da shi. Stewart ɗan gida ne, a New York aka haife shi, a New Jersey ya tashi, in ya zagi majalisa gidansu yake zagi. Wannan kuwa baƙo ne, kuma mun ce baƙo raɓa ne. Abin da masu kallo ke aunawa a daren nan ba iya barkwancinsa ba ne, tambayarsu ita ce wa ya ba shi izinin wasa da mu. Shi ma ya sani, shi ya sa ya shigo kamar amarya a makon farko, tana auna kowace kalma gaban dangin miji. Masu cewa ya yi sanyi ba su taɓa zama baƙi ba. Ni shekara 14 ina auna kalma a mota, na san nauyin abin.

Ranar Alhamis ce ta nuna mini amfanin baƙon. Da ranar wani ya shiga wata kwaleji a jihar Oregon ya harbe mutum 9 har lahira. Yaron ya buɗe shiri ba wasa, ya yi ta'aziyya a taƙaice, bai yi kamar ya san maganin ciwon da ya tarar a gidan mutane ba. Na yaba da wannan. Sannan ya juya kan Donald Trump, attajirin nan da ke neman takarar jam'iyyar Republican, wanda ya buɗe kamfen ɗinsa a Yuni da kiran 'yan Meziko masu laifi da masu fyaɗe. Masana a nan suna ta cewa mutumin bai yi kama da shugaban ƙasa ba. Trevor ya ce shi kam ya yi masa kama, har ya sa shi jin kamar yana gida. Ya sa maganar Trump kan baƙi, ya sa ta Jacob Zuma. Ya sa Trump yana yabon dukiyarsa da ƙwaƙwalwarsa, ya sa Idi Amin yana yabon tasa. Ya kawo Mugabe, ya kawo Gaddafi, ya kawo Yahya Jammeh mai cewa yana warkar da ƙanjamau da ganyaye. Ya ce Trump ya cancanci shugabanci sarai, nahiyar ce kawai ya kuskure. Wannan shi ne bidiyon da ɗanka ya turo. Ba Ba'amurken da zai iya haɗa wannan, don ba su taɓa zama ƙarƙashin irin mutanen nan ba. Mu da muka ga zamanin Abacha, da ta-zarce da tattakin mutum miliyan biyu, tun daga sallama muke gane muryar.

Ɗan Gambiyan nan ya yi dariya har da hawaye. Can sai ya ga wani yaro ya ɗaga waya yana ɗaukar ɗakin, nan take ya kame, ya roƙe shi ya goge. Ya ce iyalinsa suna Serekunda. Tekun Atlantika na tsakaninsa da Jammeh, amma dariyar ma a ɓoye yake yin ta.

Alhaji bai sauko ba. Ya ce kun gani, in ana neman ma'aunin lalacewa sai a ɗauko Afirka, kuma ɗanmu ne ya miƙa musu mudun. Mun kai ƙarfe ɗaya muna wannan. Na ce masa ni ba haka na gani ba. Shekara da shekaru suna nuna mu a matsayin masu wata cuta da su ba sa kamuwa da ita, yau an nuna musu alamunta a jikin wanda ke kan gaba a zaɓen fid da gwaninsu. Alhaji ya ce za su yi dariyar Amin su manta da Trump. Wataƙila ya fi ni gaskiya, ya riga ni zuwa da shekara 20. Amma a watan da wani ɗan takarar, Ben Carson, ya fito ƙarara ya ce bai yarda Musulmi ya shugabanci Amurka ba, a watan da aka sa wa yaro ɗan shekara 14 ɗan asalin Sudan ankwa a Texas don ya kai agogon da ya haɗa makaranta, ni ina son a sami wani a teburin nan da ya san yadda ake ji in ana maganarka kana tsaye ba a tambaye ka ba. Akwai ma Musulmi cikin wakilan shirin, Hasan Minhaj, ɗan asalin Indiya.

Bari in gaya maka na cikin gida. Takwarar Inna yanzu shekararta 13. Bara da ake fargabar Ebola, bayan an yi wa wasu yara biyu 'yan Senegal dūka a wata makaranta a nan Bronx ana kiransu da sunan cutar, ta dawo gida ta ce kada in ƙara yi mata Hausa a bakin makaranta. A lokacin har an riga an tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. Ban yi mata faɗa ba, amma abin ya zauna mini. Tana jin Hausa sarai, da Turanci take amsawa. Ranar Laraba ina shirin fita ta tare ni a ƙofa, ta ce a ajinsu ana ta maganar Trevor, wai yana jin harsuna shida ko fiye. Ta ce, Baba, kai nawa kake ji? Na ƙirga mata: Hausa, Fulatancin da na tsinta wurin Gwaggo, Larabcin makarantar allo, Turanci, Turancin Buroka na zaman Legas, da Sifaniyancin da unguwar nan ta koya mini. Ta ƙirga da yatsu ta ce shida. Ta ɗauko littafinta ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni yadda ake rubuta Fulatanci. Jiya da mahaifiyarta ta kira ta daga kicin, sai muka ji ta ce na'am, ina zuwa. Ni da uwar muka kalli juna, ba wanda ya ce komai, kada mu kore abin.

Don haka ina da roƙo. In Inna ta sami sukuni bayan isha'i, a sa ɗanka ya riƙe mata waya ta yi wa takwararta tatsuniya, ko ta Gizo da Ƙoƙi ce, yadda take yi mana a tsakar gida, da waƙar da komai. Kada a gyara mata, kada a sa ta gajarta. A turo ta WhatsApp, ko kashi-kashi ne.

Na aika da saƙo ranar Juma'a ta hannun wanda muka saba. A cire na maganin Inna na wata biyu tukuna, sai kuɗin makarantar yaran marigayi, abin da ya rage a gyara rufin ɗakin Gwaggo tunda ruwa ya kusa ɗaukewa. Ka ce wa taubasaina na Tudun Wada ban manta da kuɗin shara ba, Muharram ta kusa, wannan karon su za su biya. Aiki ya ɗan ja baya saboda motocin da ake kira ta waya sun yi yawa, amma ana samun na rufin asiri. Sanyi ya fara leƙowa. Ka rubuto mini yadda gero da masara suka yi bana, da abin da ake cewa a gari kan sunayen ministocin da aka kai majalisa.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida Gwaggo, da Kawu in ya sauka, da matanka da yara, da liman da mutanen zaure. Mai ɗakina da yara suna gaishe ku.

Wassalam.

Ƙaninka